Jirgin da aka jingine a bayan ofis, da lissafin rayukan da ruwa ke ci

A bayan wani ginin gwamnati da ke nan Abuja, can inda ake jibge motocin da suka daina tashi, akwai wani jirgin ruwa na alminiyam mai inji, yana ɗore a kan tirela. Tayoyin tirelar sun sace har sun tsage, ciyawa ta kewaye ta. Ruwan damina bayan damina ya taru a cikinsa, ganye ya ruɓe a ciki, ya zama gidan sauro. Fentin jikinsa ya koɗe, sai da ƙyar ake karanta sunan hukumar da ta saye shi. Injin yana nan a maƙale a baya, an rufa masa wani tsohon buhu. Wata rana da na biyo ta wurin na tsaya na ƙwanƙwasa gefensa da ɗan yatsa, sai na ji ƙarfen ya amsa garau kamar jiya aka ƙera shi. Da na tambayi mai gadin wurin, sai ya ce da ni: ranka ya daɗe, tun da na kama aiki a nan na tarar da shi, ban taɓa ganin wanda ya zo dominsa ba.

Duk ma'aikacin da ya yi shekara goma a Sakatariyar Tarayya ko a wata hukuma ya san irin wannan makwanci. Da yake jirgin ruwa ne a garin da ba ya bakin teku, yana iya zama abin dariya. Amma idan aka ajiye shi kusa da labaran da ke fitowa daga koguna da madatsun ruwan Arewa, dariyar takan tsaya a maƙogwaro.

A watan Mayun 2021 wani jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a Kogin Neja a kan hanyarsa ta zuwa Warra, cikin ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, kuma 'yan kaɗan aka tsamo da rai. A ƙarshen Nuwamban shekarar, a Bagwai ta jihar Kano, mutum 29 aƙalla suka rasu a madatsar Watari, galibinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi na jihar Kwara, 'yan biki ne suna komawa gida da dare. Ranar 1 ga Oktoban 2024 jirgi mai ɗauke da kusan mutum 300 ya kife a Gbajibo, ƙaramar hukumar Mokwa. A Agustan 2025 aka yi na Goronyo a jihar Sakkwato, a Satumba kuma na Borgu a jihar Neja, inda jirgin ya ci karo da kututturen itace a ƙarƙashin ruwa. Sunayen garuruwan ne ke sauyawa, dalilan kuwa ba su sauya ba: lodi fiye da kima, tsohon katako, tafiyar dare, rashin rigar kariya, da jinkirin ceto.

Amsar gwamnatin tarayya ta zo ta fuska uku. An ƙirƙiro Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa a Agustan 2023, aka damƙa ta ga Adegboyega Oyetola. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 kuma hedkwatarta ke Lokoja, ta fito da kundin ƙa'idojin sufurin ruwa da ya wajabta sanya rigar kariya, ya kuma tanadi hukunci a kan lodin wuce kima. A 2025 ma'aikatar ta ƙaddamar da rabon rigunan kariya 42,000 ga jihohi 12, aka fara daga Minna. Sannan Ministan ya sha kira ga gwamnonin jihohi da su kawar da jiragen katako daga harkar haya, su zuba kuɗi a jiragen faiba da na alminiyam.

Wannan kira na ƙarshe shi ne ya dawo da ni ga jirgin bayan ofis. A duk lokacin da aka ce a koma ga alminiyam, abin da ke zuwa zuciyar jami'i shi ne sabuwar kwangila. Tambayar da ta kamata ta riga wannan ita ce: ina waɗanda aka riga aka saya? Hukumomin agajin gaggawa, 'yan sandan ruwa, hukumomin raya koguna, sassan kiwon kifi, hukumar zaɓe, shirye-shiryen rigakafi a ƙauyukan bakin ruwa, duk suna da dalilin mallakar ƙananan jirage masu inji, kuma an daɗe ana saye. Idan an ambaci adadin da za a sayo, ya kamata a ajiye adadin waɗanda ke kwance kusa da shi, domin mai yanke shawara ya ga duka biyun.

Dalilin da ya sa wannan lissafi ke da ma'ana yana cikin ɗabi'ar ƙarfen kansa. Alminiyam ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Da zarar iska ta taɓa shi sai ya yi wa kansa wata siririyar fata mai kare abin da ke ƙarƙashinta, shi ya sa gangar jirgi ke iya shekara talatin ko fiye ba ta ruɓe ba, musamman a ruwan daɗi irin na Kainji, Jebba da Shiroro, wanda bai kai ruwan gishiri cin ƙarfe ba. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, don haka ƙaramin inji ya ishe shi, kuma tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023 kowace lita ta zama abin lissafi. Ga kuma abin da ya fi dacewa da ruwayenmu: idan alminiyam ya bugi kututture yakan lotsa, faiba kuwa takan tsage, katako ya dare. Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968, ya shanye dazuzzuka da tsofaffin matsugunai, kuma kututturan nan suna ƙarƙashin ruwa har yau suna jiran mai wucewa.

Saboda haka abin da ke kashe irin wannan jirgi ba kasafai yake zama gangar jikin ba. Abubuwan da aka haɗa mata ne ke mutuwa. Katakon da ke cikin bangon baya, inda ake ɗaure inji, yakan sha ruwa ya ruɓe. Soson da aka cusa a ƙarƙashin kujeru domin ya hana jirgi nutsewa ko da ya cika da ruwa yakan jiƙe ya yi nauyi, ya koma yana riƙe danshi a jikin ƙarfen. Ƙusoshin ribiti sukan saki. Inda wani makaniki ya taɓa ɗaura ƙusar baƙin ƙarfe ko ta tagulla a jikin alminiyam, ko aka bar wayar batir tana zubar da wuta, nan ne ake samun farin gari da ƙananan ramuka, domin ƙarfe biyu mabambanta a cikin danshi ɗaya yakan ci ɗaya, kuma alminiyam ne ke shan kashi. Inji kuwa, ciwonsa na zama ne: tsohon fetur ya daskare a kafireto, robar da ke tura ruwan sanyaya inji ta bushe, man giya ya gauraya da ruwa.

Gwajin farko ba ya buƙatar ƙwararre daga waje. A kwashe shara, a cire kujeru da daɓen ciki, a ɗora jirgin a kan abin da zai tallafe shi sosai, a zuba ruwa kaɗan a cikinsa, sannan a duƙa ƙarƙashi da alli ana yi wa duk inda ya ɗiga alama. Cikin yini guda za a san ko jirgin na gyaruwa ne ko na gwanjo. Ribitin da ya saki ana danne shi ko a sauya. Katakon baya ana ciro shi a yanka sabo a kan girmansa, a shafe shi da abin hana shan ruwa. Inda aka fi yin kuskure shi ne walda da fenti. Alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660, amma fatar da ke kansa ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000, kuma ba ya yin ja kafin ya zube, don haka mai waldar ƙofa da taga, kome gwanintarsa, yana iya huda gangar jirgi cikin ƙiftawar ido. Aikin na mai walda da iskar agon ne, da wayar da ta dace da irin alminiyam ɗin jiragen ruwa. Fenti kuma, duk wanda ke da jan ƙarfe a cikinsa guba ne ga alminiyam. Masu wannan sana'a akwai su: a unguwar makanikai ta Apo ana waldar alminiyam na kayan mota kullum, haka a Panteka ta Kaduna. Abin da suke buƙata shi ne a nuna musu bambancin jirgi da mota, a kuma sa wanda ya san aikin ya duba bayan sun gama.

To, in gyaran bai fi ƙarfinmu ba, me ya sa ba a yi? Masu karanta wannan shafi sun fi kowa sanin amsar, domin ta teburinsu take bi. Sayen sabon jirgi yana shiga ɓangaren manyan ayyuka na kasafin kuɗi: yana da layinsa, yana da ɗan kwangila mai bin sawun fayil daga ofis zuwa ofis, yana da ranar ƙaddamarwa da hoton mai girma Minista sanye da rigar kariya. Gyara kuwa yana faɗawa cikin kuɗin gudanarwa na yau da kullum, inda yake gogayya da dizal na janareto, kuɗin wuta, takarda da alawus ɗin tafiya, kuma kuɗin nan ba kullum ake sakinsu a kan kari ba. Daraktan da aka ba shi zaɓi tsakanin hasken ofis da robar injin jirgin da ke Yawuri, ba sai an tambaye shi ba. Ga shi kuma babu wanda aka taɓa yi wa ƙarin girma don ya hana abu lalacewa.

Akwai kuma tsoro. Jami'in da ya rubuta takardar neman a gyara tsohon jirgi ya buɗe ƙofar tambayoyi: yaushe aka saye shi, nawa, wa ya karɓa, ina takardar sito, ina injin na biyu? Sau da yawa wanda ya sa hannu ya yi ritaya ko ya rasu, fayil ɗin ya ɓata a wata ƙaura daga gini zuwa gini. Shi ya sa ake ganin barin jirgin ya fi sauƙi, tunda abin da ke kwance ba ya jawo takardar tuhuma. Ko hanyar rabuwa da shi ma ba a bi. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta tanadi yadda ake zubar da kadarar gwamnati, da kimanta darajarta kafin a sayar da kuma gasa a fili, amma matakan suna da tsawo, ladan mai bin su kaɗan ne. Sai kadara ta zauna a tsakiya, ba a gyara ba, ba a sayar ba.

Ba wai gwamnati ba ta taɓa lura da wannan ciwo ba. Tun Janairun 2016 tarayya ta koma tsarin lissafin da ke buƙatar kowace hukuma ta rubuta kadarorinta da darajarsu. A Afrilun 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Umarnin Zartarwa mai lamba 11 game da kula da gine-ginen gwamnati, wanda ya nemi ma'aikatu su kafa sassan gyara. An kuma sake fasalin MOFI, hukumar da ke riƙe da jarin gwamnatin tarayya, aka ɗora mata haɗa rajistar kadarorin ƙasa. Sai dai idon waɗannan matakai yana kan manyan abubuwa, gine-gine da kamfanoni da filaye. Jirgi mai tsawon mita shida ya yi ƙanƙanta a gan shi daga Abuja, alhali a bakin kogi shi ne bambanci tsakanin ceto da jana'iza. Manufar fifita kayan gida wajen sayayyar gwamnati, wadda Majalisar Zartarwa ta amince da ita a Mayun 2025, ta ba da wata kafa: babu kwangilar da kuɗinta ke tsayawa a gida kamar ta gyara, domin mafi yawansa ladan hannun makaniki ne, ba dala ba.

Batun dala kuwa ba ƙarami ba ne. Kamfanin narka alminiyam na ALSCON da ke Ikot Abasi a jihar Akwa Ibom, wanda ya fara aiki a 1997, ya shafe mafi yawan rayuwarsa a rufe, tsakanin matsalar iskar gas da shari'ar mallaka da ta kai har Kotun Ƙoli. Ma'ana, farantin alminiyam na ƙera jirgi da injin da za a ɗaura masa duk da kuɗin waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki Naira a Yunin 2023 farashinsu ya yi tashin gwauron zabi. Gangar jirgin da aka saya shekara goma sha biyar da suka wuce an biya ta da Nairar wancan zamani. Wanda ya bar ta ta salwanta zai sake sayenta da Nairar yau.

Kuma tana iya salwanta, ko da ruwa bai ci ta ba. Alminiyam kaya ne mai daraja a wurin 'yan gwangwan, domin sake narka shi ba ya cin fiye da kusan kashi 5 cikin 100 na wutar da ake buƙata wajen samar da sabo. Mazauna Abuja sun ga yadda aka riƙa ɗauke murafun magudanan ruwa daga manyan tituna, har a Janairun 2025 Hukumar Babban Birnin Tarayya ta hana 'yan jari-bola yawo a cikin birni, ta kuma dakatar da kasuwannin panteka na ɗan lokaci. Wanda bai bar baƙin ƙarfe a tsakiyar titi ba, ba zai ji nauyin alminiyam a bayan katanga ba. Jirgin da aka bari yakan fara rasa farfela, sai tankin mai, sai inji, daga ƙarshe a yanka shi gunduwa-gunduwa ya koma tukwane.

A nan ya wajaba a faɗi iyakar wannan shawara, kada a sayar wa mai karatu da abin da ba haka yake ba. Jiragen da ke kifewa da ɗaruruwan mutane manyan jiragen kasuwa ne, masu ɗaukar buhunan hatsi, babura, awaki da fasinja a lokaci guda. Ƙaramin jirgin alminiyam mai cin mutum goma ko goma sha biyar ba zai maye gurbinsu ba, ko da an gyara ɗari. Mai jirgin katako bai zaɓi katako don ƙauna ba, shi ne abin da kafintan garinsu zai iya ƙerawa da gyarawa, kuma kuɗin da talaka ke iya biya ba zai mayar da jarin babban jirgin ƙarfe ba sai da rance mai sauƙi ko tallafi. Hana katako da baki kawai, ba tare da wannan ba, zai mayar da tafiyar zuwa dare da mashigai na ɓoye. Wannan babban aiki ne na jihohi da tarayya, kuma tun da Kotun Ƙoli ta tabbatar a Janairun 2024 cewa ikon hanyoyin ruwa na cikin gida yana hannun tarayya, Abuja ba ta da damar cewa ba ruwanta.

Inda tsohon jirgin alminiyam ke da amfani shi ne sintiri da ceto. Doka a kan ruwa ba ta aiki daga tudu: jami'in da ke tsaye a gaɓa ba shi da abin yi da jirgin da ya ɗauki ƙarin fasinja a mashigi na gaba. A kusan duk haɗarin da aka ambata, masunta da masu ninƙaya na ƙauye ne suka fara kai ɗauki da kwalekwalensu, jami'ai suka iso daga baya, lokacin da aikin ya koma neman gawa. Wanda ya faɗa ruwa bai iya iyo ba, mintoci yake da su. Jirgi mai sauri guda ɗaya, da mai a tankinsa da direba a kusa, a kowace babbar tashar kasuwa ranar da kasuwar ke ci, zai yi abin da jirage goma da ke hedkwatar jiha ba za su yi ba. NIWA na cewa ƙasar nan na da hanyoyin ruwa kusan kilomita 10,000 da suka ratsa jihohi 28. Babu kasafin shekara guda da zai sayo sababbin jiragen da za su rufe wannan faɗi, don haka duk gangar da ke iya komawa ruwa abar ƙirgawa ce.

Abuja kanta ba ta tsira ba. A Oktoban 2022 ambaliya ta yanke hanyar Lokoja a wajen Koton Karfe, tankokin mai suka maƙale, layin fetur ya dawo birnin. A Yunin 2023 ruwa ya mamaye rukunin gidajen Trademore a Lugbe. Ƙauyukan bakin Kogin Gurara a yankunan Kwali da Abaji suna ganin nasu kusan kowace damina. Ga Tafkin Jabi da madatsar Usuma, wurare biyu da za a iya gwada duk jirgin da aka gyara, a kuma horar da direbobi, ba tare da an je nesa ba. Wanda ya ga yadda aka yi ta neman kwalekwale a Maiduguri bayan fashewar madatsar Alau a Satumban 2024 ya san cewa ranar da ake buƙatar jirgi ba ranar buɗe tayin kwangila ba ce.

Abin da ake nema daga babban sakatare ko mai taimaka wa minista bai kai girman sabuwar doka ba. Takardar umarni guda ta isa a sa kowace hukuma ta kawo jerin jiragen ruwanta, da hoto, da wurin da kowanne yake, da sharaɗin cewa ƙidaya ce ba farautar mai laifi ba, in ba haka ba jerin zai dawo fanko. Sai ƙaramin ayarin masu duba jirage su raba su uku: mai tashi da ɗan gyara, mai buƙatar babban aiki, da wanda ya kamata a yi gwanjonsa a fili kuɗin ya shiga asusun gwamnati. Kwalejin Fasahar Kiwon Kifi ta Tarayya da ke New Bussa tana kusa da Tafkin Kainji, wuri ne da ya dace da horar da makanikan inji da masu walda daga garuruwan da jiragen za su zauna. Amma a kula da tarko guda biyu. Na farko, kada gyaran ya zama wata sabuwar kafar ci, inda za a shafa fenti a rubuta kuɗin da ya kusa na sabo; a sa ƙa'ida cewa ba a biya sai jirgi ya yi gwaji a ruwa da cikakken lodi a gaban mai duba. Na biyu, kada a mayar da jirgi bakin kogi ba tare da sunan wanda ke riƙe da shi, da kuɗin mai, da kuɗin sauya man giya da robar ruwa a kan lokaci ba. Rashin waɗannan ne ya kwantar da shi tun farko. A wurare da dama Sarkin Ruwa da ƙungiyar masu jirage sun fi ofishin da ke nesa iya tsaron irin wannan amana, in an rubuta yarjejeniya a sarari.

Lokacin wannan aiki rani ne, sa'ad da ruwa ya ja baya, gangar jirgi ta bushe, walda da fenti suke kamawa. Haɗurra da dama sukan taru ne daga tsakiyar damina zuwa ƙarshenta, lokacin da koguna suka cika suka ɓoye kututture. Duk fayil ɗin da bai motsa ba kafin watan Afrilu, ya rasa shekarar.

Da na sake bi ta bayan ginin nan kwanakin baya, jirgin yana nan inda yake, sai dai buhun da ke kan injin ya yage, farfelar kuma babu ita. Mai gadin ya ce sau biyu wasu samari masu kura suna tsayawa a bakin ƙofa suna tambayar ko na sayarwa ne, kuma nawa kilo.